Darasi na 7: Hoton Fili, Yadda Sama da Ƙasa Za Su Fito Tare

Wataƙila kun taɓa tsayawa kusa da gadar Kwalkwalawa, kan hanyar jami'a a Sakkwato, da yamma lis. Shinkafa ta yi kore shar a fadama, gajimare ya yi ja, ga masu kwalekwale suna haramar komawa gida. Kuka ciro waya kuka ɗauki hoto. Da kuka duba, sama ta fito fari fat kamar takarda, ko ɗigon gajimare babu. Kuka sake ɗauka, wannan karon sama ta yi kyau, amma gonar ta koma baƙi ƙirin.

Wani dattijo a ajinmu ya miƙo mini wayarsa yana cewa, "Malam, duba min wagga waya, ko ta lalace ta?" Na ce masa, "Baba, lafiyarta lau." Manyan kyamarori na masu sana'ar hoto ma haka suke yi idan ba a saita su ba.

Me yake jawo haka?

Ku tuna lokacin da kuka fito daga rana tsaka kuka shiga zaure. Da farko ba ku ganin kowa, sai dai ku ji ana amsa sallama. Bayan ɗan lokaci ido ya saba, sai ku ga tabarma da mutanen da ke zaune. Idon mutum yana gyara kansa, kuma yana iya ɗaukar haske mai ƙarfi da inuwa a kallo ɗaya. Idon kyamara bai kai nan ba. A fili, sama ta fi ƙasa haske nesa ba kusa ba. Idan kyamara ta buɗe ido don ta ga gona, hasken sama sai ya yi mata yawa. Idan ta runtse don ta ga gajimare, gona sai ta yi duhu. Aikin mai ɗaukar hoto shi ne ya raba musu gardama.

Ku fara ceton sama

Wannan shi ne kan darasin, don haka mu tsaya a kansa sosai.

Matan gida sun san bambancin tuwon da bai nuna ba da tuwon da ya ƙone. Wanda bai nuna ba, a mayar da shi wuta ya gyaru. Wanda ya ƙone kuwa sai dai a ba kaji. Haka hoto yake. Wurin da ya ɗan yi duhu, akwai sauran bayani a ɓoye cikinsa, ana iya haska shi daga baya. Wurin da ya yi fari fat ya ƙone, babu komai a cikinsa, duk gyaran da za ku yi gajimaren nan ba zai dawo ba. Saboda haka gara ƙasa ta ɗan yi duhu da a ce sama ta ƙone.

Ga yadda ake yi a waya, ko Tecno ce, ko Infinix, ko Samsung. Ku buɗe kyamara, ku riƙe wayar a kwance da hannu biyu. Ku taɓa fuskar wayar da yatsa a daidai inda gona ko itace yake. Za ku ga da'ira ko murabba'i ya bayyana, a yawancin wayoyi kuma akwai ƙaramar alamar rana kusa da shi. Ku ɗora yatsa a kan alamar, ku ja ta ƙasa sannu a hankali, a wasu wayoyin gefen hagu ake ja. Idonku yana kan sama. Da zarar gajimare ya fara fitowa da siffarsa, shuɗin sama ya dawo, sai ku tsaya. Ku duba ƙasa: in har kuna iya rarrabe kunya da kunya a gona, ko ganyen itace, to ya isa. Ku ɗauka.

Idan wayar tana canja haske da kanta duk lokacin da hannu ya motsa, ku danna wurin ku riƙe na daƙiƙa 2 ko 3. Wayoyi da yawa za su kulle hasken a inda kuka bar shi.

Akwai kuma haruffa uku da za ku gani a saman kyamara: HDR. Ku karanta su ɗaya bayan ɗaya, ku rubuta su a littafinku. Idan aka kunna shi, waya tana ɗaukar hotuna da yawa cikin ƙiftawar ido, wani da haske, wani da duhu, sai ta haɗe su wuri ɗaya. Ta ɗauko sama daga mai duhun, ta ɗauko ƙasa daga mai hasken. Yana taimakawa ƙwarai, sharaɗinsa dai kada hannu ya yi rawa. Ku jingina da bango ko gindin itace, ku matse gwiwar hannu a jiki. Idan shanu suna gudu ko iska tana kaɗa karan gero da ƙarfi, hoton kan fito da ɗan dishi-dishi.

Mai son ya ƙara zurfi ya nemi inda aka rubuta Pro. A nan akwai EV da lambobi. Idan kuka kai shi -1, hasken da ke shiga ya ragu da rabi. Idan kuka kai +1, ya ninka. Da rana a fili, ku gwada -1, ku bar ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, a kan 100 ko ƙasa da haka.

Lokaci ya fi waya muhimmanci

A ganina, rabin matsalar nan ba a cikin waya take ba, a cikin agogo take. Ranar Sakkwato ba ta wasa. Daga hantsi zuwa azahar, musamman a bazara cikin watan Afrilu da zafi ke wuce digiri 40, haske yana saukowa daga tsakiyar ka, inuwa ta yi baƙi, yashi ya yi ƙyalli. Hoton wannan lokaci da wuya ya yi daɗin kallo. Ku fita da sassafe, awa ɗaya bayan fitowar rana, ko bayan la'asar sakaliya kafin magariba. A lokacin hasken yana da taushi, bambancin sama da ƙasa ya ragu, jan ƙasar nan tamu kuma tana fitowa da kyanta.

Ku sa rana a bayanku ko a gefenku. Da safe ku fuskanci yamma, da yamma ku fuskanci gabas. Idan kuka fuskanci rana kai tsaye, duk abin da ke gabanku zai zama baƙi. Wani lokaci hakan ake so: giginya ko raƙumi a tsaye baƙi, bayansa sama ja wur. Wannan da gangan ake yi, kuma yana da kyau. Amma kada ku ƙura wa rana ido.

Damina ce kakar hoton sama, daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da hadari ke haɗuwa daga gabas, ko bayan an ɗauke ruwa iska ta wanke. A hunturu kuwa, cikin Disamba da Janairu, hazo kan rufe sama ta zama fari-fari, babu abin gani a cikinta. To kada ku ba ta wuri da yawa. Ku sunkuyar da wayar, ƙasa ta ci kashi 2 cikin 3 na hoton, ku cika shi da lambun albasa, ko bakin gulbin Rima, ko masu ban ruwa. Ran da gajimare ya yi kyau sai ku juya lissafin, sama ta ɗauki kashi 2. Kuma ku goge idon kyamara da gefen riga mai laushi kafin kowane hoto, domin ƙurar hunturu da maiƙon hannu suna sa hoto ya yi hazon da ba na sama ba.

Bayan kun dawo gida, ku buɗe hoton ku shiga wurin gyara. Ku nemi maɓallin da ke haska inuwa, ku ƙara shi kaɗan har gona ta fito. Kaɗan dai. Idan ya yi yawa, hoton zai yi tsakuwa-tsakuwa, launinsa ya daina kama da abin da ido ya gani.

Abu ɗaya kafin ku fita: idan akwai mutane a gona ko mata a bakin ruwa, ku yi sallama ku nemi izini. In an ce a'a, ku matsa gaba. Kada kuma ku ɗauki hoton barikin soja ko shingen jami'an tsaro.

Aikin gida

Ku zaɓi wuri ɗaya kusa da ku, ko bayan gari, ko gonarku. Ku ɗauki hotonsa sau 3 a yini ɗaya: ƙarfe 8 na safe, ƙarfe 1 na rana, da ƙarfe 5 da rabi na yamma. Kowane lokaci ku ɗauki biyu, ɗaya yadda waya ta ga dama, ɗaya bayan kun ja alamar rana ƙasa. Hotuna nawa ke nan? Ku rubuta amsar da lamba. Sannan ku rubuta jimla biyu a littafinku: a wane hoto gajimare ya fi fitowa, a wane kuma gona ta fi fitowa. Ku zo da wayoyinku aji na gaba da caji, za mu duba su tare.