Yadda za ka bi da sallama daga aiki da neman wani bayan shekaru sun ja

Wanda aka sallama yana ɗan shekara 28 da wanda aka sallama yana da 48 ba matsalarsu ɗaya ba. Na biyun ga 'ya'ya a sakandare da jami'a, ga haya, ga iyaye da dangi da suka saba jin motsinsa duk ƙarshen wata, sannan da yawa daga cikin tallan neman ma'aikata a Najeriya suna gindaya iyakar shekaru. Irin wannan mutum ba shi da lokacin ɓatawa, don haka abin da zai fara yi da wanda zai biyo baya yana da muhimmanci: takardu tukuna, sai haƙƙi, sai lissafin gida, sannan neman aiki. Mafi yawan asarar da ake tafkawa a makon farko ake yin ta, lokacin da zuciya ke tafasa.

Ranar da aka miƙa maka takarda

Karanta dalilin da aka rubuta kafin komai. Sallama saboda rage ma'aikata daban, kora bisa laifi daban, kuma wannan bambancin zai bi ka duk inda ka nemi aiki. A harkar banki ma ya fi tsanani, domin Babban Bankin Najeriya yana ajiye sunayen ma'aikatan da aka kora bisa zamba ko rashin gaskiya. Idan rage ma'aikata aka yi, ka tabbata haka takardar ta faɗa ƙarara.

Idan aka ce ka sa hannu, rubuta cewa ka karɓi takardar, ka sa kwanan wata, ka tsaya nan. Akwai wata takarda da ake yawan haɗowa da ita, wadda ke cewa an biya ka duk haƙƙinka kuma ba ka bin kamfani komai. Wannan kada ka taɓa ta sai kuɗin sun shiga asusunka ka kuma gwada su da lissafinka.

Wasu wuraren sukan ce ka rubuta takardar ajiye aiki da kanka, wai don a rufa maka asiri. Tana da amfani a idon mai ɗaukar aiki na gaba, amma tana iya zubar maka da kuɗin sallamar da ake bai wa waɗanda aka rage, ta kuma raunana ƙararka idan magana ta kai kotu. In har za ka yarda, sai an rubuta maka adadin da za a biya ka da ranar biya, da sa hannun wanda ke da ikon sawa.

Kafin a rufe maka imel da kwamfutar ofis, tattara takardar ɗaukarka aiki, ta tabbatar da kai, na ƙarin girma, takardun albashi na aƙalla wata 6 na ƙarshe, littafin ƙa'idojin ma'aikata, yarjejeniyar ƙungiyar ƙwadago da kamfani idan akwai, da shaidar harajin da ake cirewa daga albashinka. Naka kawai za ka ɗauka. Jerin sunayen kwastomomi da bayanan kuɗin kamfani ba naka ba ne, kwashe su kuwa bai wa kamfani hujjar riƙe maka kuɗi ne. Duk abin da ka mayar, mota ce, makulli ne ko katin shaida, a sa maka hannu cewa an karɓa.

Abin da kake bi

Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya tsara mafi ƙarancin wa'adin sanarwa: kwana 1 ga wanda bai wuce wata 3 ba, mako 1 ga wanda ya wuce wata 3 amma bai kai shekara 2 ba, mako 2 daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5, wata 1 ga mai shekara 5 ko fiye. Kamfani na iya biyan kuɗi a madadin wa'adin. Sashe na 20 ya ce idan za a rage ma'aikata sai an sanar da ƙungiyarsu dalili da yawan waɗanda abin zai shafa, a fara da waɗanda suka zo daga baya tare da duba ƙwarewa da cancanta, kuma kamfani ya yi iya ƙoƙarinsa wajen sasanta kuɗin sallama.

Abu biyu ne ke ruɗa mutane a nan. Dokar ba ta yanke adadin kuɗin sallama ba, sasantawa ta ce a yi. Sannan ba ta haɗa da manajoji da masu aikin gudanarwa da ƙwararru ba, alhali da yawa daga cikin masu shekaru a wannan rukunin suke. Su abin da ke cikin takardar ɗaukar aiki da littafin ƙa'idoji shi ne madogararsu. Zauna da biro ka lissafa albashin da ba a biya ba, kuɗin wa'adin sanarwa, hutun shekara da ba ka ci ba, alawus da aka riƙe, garatuti idan tsarin kamfanin ya tanade shi, da abin da ka tara a asusun adashin ma'aikata. Rubuta buƙatarka a takarda, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimi.

Idan suka ƙi, akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya a jiha, sannan akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, mai rassa a Kano da Kaduna da Abuja da wasu birane, wadda ke da sashen sulhu. Shigar da ƙara da wuri, amma kada ka gina cefanen gida a kan kuɗin da ke hannun wani. Ma'aikatan masaƙar KTL ta Kaduna, wadda ta tsaya a 2002, sun kwashe shekaru masu yawa suna bin haƙƙinsu.

Fansho

A ƙarƙashin Dokar Fansho ta 2014, kamfani yana zuba aƙalla kashi 10 cikin ɗari, ana cire maka kashi 8. Je ofishin kamfanin fanshonka ka karɓi cikakken bayanin asusu, ka bi shi wata-wata. Sau da yawa sai ka ga an cire a takardar albashi amma ba a tura ba. Rubuta wa tsohon wurin aikinka, in ba su motsa ba ka kai ƙorafi PenCom, hukumar kula da fansho ta ƙasa.

Wanda bai kai shekara 50 ba, idan ya yi wata 4 bai sami wani aiki ba, yana iya cire abin da bai wuce kashi 25 cikin ɗari na asusun ba. Mai naira miliyan 6 zai iya samun har miliyan 1.5. Yawanci za a nemi takardar sallama, takardar neman kuɗin, shaidar haihuwa, hoto da bayanin asusun banki. Abin da ya fi maƙale da mutane shi ne saɓanin suna ko ranar haihuwa tsakanin NIN da BVN da rajistar fansho, don haka ka fara gyara tun a watan farko, kada ka jira na huɗu. A ganinmu wannan kuɗin na haya ne da kuɗin makaranta idan tura ta kai bango, domin duk abin da ka cire yanzu ragi ne a fanshon tsufanka. Wanda ya kai 50 kuwa yana iya karɓar wani kaso a dunƙule, sauran a riƙa biyan sa wata-wata.

Bashi da gida

Idan akwai rancen albashi a kanka, je banki kafin su neme ka. Yawancin yarjejeniyoyin sun ba su damar kwashe kuɗin sallama da zarar sun shigo, kuma tun 2020 akwai tsarin da ke ba su damar bin sauran asusunka ta lambar BVN. Nemi a tsawaita wa'adi a rage biyan wata, ka kuma tambaya ko rancen yana da inshorar da ta shafi rasa aiki. Manhajojin ba da rance na waya kuwa, nesa da su.

Yi lissafi kamar za ka shekara ba albashi. Naira miliyan 4 a gidan da ke kashe dubu 400 a wata, wata 10 ce. In aka dawo dubu 280, ta haura wata 14. Wannan ragin ba ya yiwuwa sai uwargida ta sani, saboda haka a faɗa mata a kwanakin farko. Masu ɓoyewa suna fita da safe kamar za su ofis su ne ke cinye kuɗin sallama cikin 'yan watanni, don kowa a gidan yana kashewa yadda ya saba. Dangi ma a gaya musu cewa taimakon wata-wata ya tsaya har sai an ga abin da Allah zai yi. Je makarantar yara ka nemi biya kashi-kashi tun kafin a koro su.

Inshorar lafiya ta wurin aiki tana ƙarewa da aikin. Tambayi ranar da za ta tsaya, ka yi gwaje-gwaje ka karɓi magani kafin nan, sannan ka duba tsarin taimakekeniya na jiha, kamar KSCHMA a Kano ko KADCHMA a Kaduna. Mai hawan jini ko ciwon sukari kada ya yanke magani da sunan tsimi. Idan rashin barci, ƙin abinci da gudun mutane suka wuce mako 2, a ga likita.

Neman aikin

Mai shekara 45 ko 50 da wuya ya sami aiki ta hanyar cike fom a intanet kaɗai, don can ne ake tace mutane da shekaru tun kafin ido ya ga takardarsu. Ka duba shafukan neman aiki irin su Jobberman da LinkedIn, da ReliefWeb idan kana son ƙungiyoyin agaji, amma kaso mafi tsoka na lokacinka ya tafi wajen mutane. Rubuta sunaye 40: tsofaffin shugabanninka, kwastomomi, 'yan kwangilar da kuka yi hulɗa, da yaran da ka horar waɗanda yanzu suke riƙe da muƙamai. Waɗannan na ƙarshen su ake jin nauyin kira, su ne kuma suka fi sanin aikinka.

Kada ka ce "a taimaka min da ko mene ne", domin wanda ka gaya wa bai san inda zai kai ka ba. Ka ce: "Yallaɓai, aikina ya ƙare watan jiya saboda rage ma'aikata. Ina neman aikin kula da sito ko sayen kaya a Kano ko Kaduna. Wa kake ganin ya kamata in gani?" Kira mutum 5 a mako, ka rubuta abin da kowa ya ce, ka sake tuntuɓa bayan mako 2.

Takardar CV kada ta wuce shafi 2. Cika ta da aikin shekara 10 zuwa 15 na ƙarshe, na baya ka dunƙule su a layi biyu. Maimakon jera muƙamai, faɗi abin da ka yi da adadi: ma'aikata nawa ka jagoranta, kaya na nawa ka kula da su, asarar nawa ka toshe. Ba dole ba ne ka sa ranar haihuwa idan ba a nema ba. Amma rage shekaru da takardar rantsuwa ta kotu, wanda har yanzu wasu ke ba da shawararsa, jawo wa kai wahala ne: zai ci karo da NIN da rajistar fansho, ya riƙe maka kuɗinka ranar da ka fi buƙatar su. Sabunta rajistarka a ƙungiya ko hukumar ƙwararru ta fanninka, kamar ICAN, ANAN, COREN, CIPM ko TRCN. In Excel ko ganawa ta Zoom suna ba ka wuya, ware mako 3 ka koya, ko a wajen ɗanka ne.

Inda aka fi buƙatar gogagge ba manyan kamfanoni ba ne. Matsakaitan masana'antu na Sharaɗa da Bompai da Challawa a Kano, kamfanonin casar shinkafa, asibitoci da makarantu masu zaman kansu, da ƙananan bankuna, da yawansu sun girma sun fi ƙarfin tsarin da suke kai, suna neman wanda zai daidaita musu lissafi, sito ko sha'anin ma'aikata. Idan mai wurin yana tsoron albashinka, ba shi zaɓin kwantiragin wata 3 ko 6 a kan aiki ɗaya takamaimai.

A wajen ganawa, dalilin barin aikinka jimla ɗaya ce: an rage ma'aikata, sashenka yana ciki. Kada ka zagi tsohon wurin. Idan aka ce ka fi ƙarfin aikin, abin da suke nufi shi ne ko za ka zauna, ko za ka bi umarnin wanda ka girme wa, ko za su iya biyan ka. Amsa waɗannan ukun kai tsaye. Ka je da mafi ƙarancin albashin da zai riƙe gidanka a ranka, ka kuma sani cewa aikin farko bayan sallama kan zo ƙasa da na da. Da babu gara ba daɗi, kuma mai aiki a hannu ya fi saurin samun wani.

Duk wanda ya ce ka biya kuɗi a saya maka gurbi a hukumar gwamnati, ɗan damfara ne ko mai jefa ka cikin laifi. Masu alƙawarin ninka kuɗi ma masu kuɗin sallama suke farauta. MMM ta rushe da kuɗin jama'a a 2016, CBEX ta bi sahu a 2025.

Idan kasuwanci ka zaɓa, shiga wanda ke kusa da abin da ka sani, kada jarin farko ya wuce kashi 1 cikin 3 na abin da ke hannunka, kuma ka zauna da mai sana'ar wata 2 ko 3 kafin ka zuba kuɗi. Sayen motar haya a bai wa direba ko buɗe gidan kaji daga nesa sun cinye garatutin mutane da yawa, saboda mai kuɗin bai san inda riba ke zurarewa ba. Wanda zai sayar da ƙwarewarsa ga kamfanoni ya yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ya sami lambar haraji da asusun banki da sunan, don da yawa ba sa biyan aiki zuwa asusun mutum.

Ranar da ka sami sabon aiki, ba su tsohuwar lambar fanshonka, kada ka bari a buɗe maka wata. Kafin ka sa hannu, duba wa'adin sanarwa da abin da takardar ta ce za a biya ka idan aka sake rage ma'aikata. In babu, nemi a rubuta.