Masu buɗe guruf ɗin abincin yara a WhatsApp, don Allah ku gyara

Yanzu duk wadda ta je bita ta kwana biyu kan abincin yara sai ta dawo ta buɗe guruf, ta zuba iyaye mata a ciki, sati uku guruf ya mutu, daga ita sai masu tallan atamfa. Kuma kullum kurakurai iri ɗaya ne ke kashe shi.

Babba a cikinsu shi ne turo jadawalin abincin Turawa da aka kwaso a intanet. Uwa tana Rimin Kebe ko Kurna, maigida ya bar mata kuɗin cefane da ƙyar zai kai dare, ke kuma kin turo mata hoton tuffa da cuku da wani koren ganye da ko a Yankaba sai an sha wuya a same shi, to me kike so ta yi da shi? Ba za ta ce miki komai ba, za ta danna alamar babban yatsa a hoton ta wuce. Ni in zan tura saƙo sai na tabbatar abin yana cikin gidanta ko a bakin layi: zogale a miya, wake a cikin shinkafa, awara, ƙwai ɗaya in an samu, ƙuli-ƙuli a daka a zuba a kunu, garin busasshen kifi. Ko Tom Brown ɗin da ake ta yayi ai gero ne ko masara da waken suya da gyaɗa, a soya a niƙa. Saƙo ɗaya, abu ɗaya, wanda za a iya dafawa yau.

Na biyu shi ne ya taɓa wargaza min guruf, har yanzu in na tuna raina ɓaci yake. Wata da na sa ta taya ni kula da shi ta ce kowa ta turo hoton abincin ɗanta a zaɓi gwana. Haba baiwar Allah! Masu hali suka dinga turo farantai da nama, wata ta turo kunu tsura, sai wata ta rubuta mata "wannan ai shi ke kawo tamowa" a gaban kowa. Kafin magariba matar ta fita, ƙawayenta suka bi ta, kuma su ne waɗanda aka buɗe guruf ɗin dominsu. Sai da na bi su gida-gida ina ba da haƙuri, wasu har yau ba su dawo ba. Gyara ana yi wa uwa ita kaɗai, a kira ta ko a tura mata can gefe, a fara da yabon abin da ta yi daidai.

Sannan kun manta wa ke cefane. Ki yi ta faɗa wa amarya kar a ba jariri ruwa sai ya cika wata 6, nono kaɗai, alhali Hajiya ce ke riƙe da jikanta kuma ta ce zafi ake yaro zai sha. Ni saƙon murya nake yi na musamman, da gaisuwa da girmamawa, in ce a kunna wa Hajiya da maigida. Wani lokacin ma wayar tasa ce.

Motsa jiki kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar aƙalla minti 60 kullum, amma kar ki rubuta haka kawai, ki ce a bar su su yi langa, tsallen igiya ko ƙwallo bayan Islamiyya, har da matan. Kuma abin dariya ne ki turo bidiyon motsa jiki a miƙa wa ɗan shekara 3 waya ya zauna yana kallo.

Dogon rubutu babu mai karantawa, murya kar ta wuce minti ɗaya. Bidiyo mai nauyi yana cinye data. Kar a tura da safe lokacin shirin makaranta, ni bayan isha'i nake yi. Saƙon "maganin ƙiba ga yara" da ake yawo da shi, gogewa nake nan take.

In uwa ta ce ƙafar yaro ta kumbura ko ya daina cin abinci yana ramewa, wannan ba na guruf ba ne, kar ki tsaya neman hoto, ki ce ta kai shi asibiti yau a auna damtsensa a ga ko tamowa ce.