Yadda Ake Renon Sabon Marubucin Wasan Kwaikwayo da Fim

Duk wanda ya taɓa riƙe ƙungiyar wasan kwaikwayo, ko yake koyar da rubutun fim, ya san ranar da matashi zai zo yana sosa ƙeya, ya miƙo takardu ya ce a duba masa. Abin da aka yi da takardun nan a makonnin farko shi ke sa ya sake rubuta wani wasan ko ya ajiye alƙalami. Yawancinmu kuwa ɗayan biyu muke yi: ko mu yaba masa don kada ya karaya, ya tafi bai ƙaru da komai ba, ko mu ɗauki jan biro mu yi ta gyara har labarin ya tashi daga nasa ya koma namu. Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce ka sa ya ji rubutunsa daga bakin 'yan wasa, ka yi masa tambayoyi, gyaran kuma ka bar shi a hannunsa. Ga yadda ake bi.

Mataki na ɗaya: ya ba ka labarin da baki

Kafin ka buɗe shafin farko, ka zaunar da shi ka ce ya faɗa maka labarin a jimla uku ko huɗu. Abin da kake nema shi ne: wane ne tauraron, me yake so, me ya tare masa hanya, kuma me zai rasa idan bai samu ba. Sau da yawa amsar da za ka ji ita ce "labari ne a kan cin amana" ko "ina son in faɗakar da matasa". Wannan jigo ne, bai kai labari ba tukuna. Kada ka ce masa ya yi kuskure, sai dai ka tambaya: wa ya ci amanar wa, a wace rana, don ya sami me?

Tun ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), masanin nan na Girka, Aristotal, ya lissafa abubuwa 6 da suka haɗa wasan kwaikwayo, ya sa tsarin aukuwar al'amura a gaba da dukkansu. Ma'anarsa ita ce wannan ya faru saboda wancan, ba kawai bayan wancan ba. Daga ɓangaren 'yan wasa ma, Stanislavski, ɗaya daga cikin mutum biyu da suka kafa gidan wasan kwaikwayo na fasaha na Mosko a 1898, ya horar da mutanensa su riƙa tambayar me tauraro yake nema a kowace fitowa. Idan marubuci bai san amsar ba, ɗan wasa ba shi da abin riƙewa, sai ya koma ɗaga murya da zare ido.

Mataki na biyu: ya fara da gajere

Sabon marubuci yakan zo da labarin da ya ɗauki shekara ashirin, da taurari goma sha biyar. Ka roƙe shi ya ajiye wannan, ba don ba shi da kyau ba, ya rubuta wasan minti 10: mutum biyu ko uku, wuri ɗaya, lokaci ɗaya. A rubutun fim an saba ƙiyasta shafi ɗaya a matsayin minti ɗaya, shi ya sa cikakken fim ke cin shafi 90 zuwa 120. Shafi 10 abu ne da zai gama a mako guda, ya sake shi sau biyar ba tare da ya gaji ba. Ka sa masa ranar kawowa, ka kuma riƙe ranar.

Mataki na uku: dandamali ko kamara?

A nan ya kamata ku tsai da shawara, domin kowanne da irin hanyar da yake bi ya kai labari. A dandamali mai kallo yana nesa, idonsa na yawo inda ya ga dama, wuri ba ya sauyawa da sauƙi, don haka magana ce ke ɗaukar nauyi. Tauraro zai iya tsayawa ya yi minti uku yana zance shi kaɗai, jama'a su yi tsit. A fim kamara ce ke zaɓar wa mai kallo abin da zai gani. Za ta iya matsawa kan hannun da ke karkarwa yana ƙoƙarin sa makulli a ƙofa, kuma wannan ya isa, ba sai an ce mutumin yana cikin tsoro ba.

Akwai gwaji mai sauƙi ga mai rubutun fim. Ya bi shafinsa layi-layi, duk abin da ba a gani kuma ba a ji, ya ja masa layi. "Ta tuna da mahaifiyarta" ba ya ɗaukuwa a kamara. Me ta yi da hannunta, ina ta kalla, me ta fasa faɗa? Wannan shi ne aikin da zai rubuta.

Mataki na huɗu: karatu da murya

Idan ba za ka iya yin komai ba cikin matakan nan sai guda, to ka yi wannan. Wasa ba don a karanta shi a zuci aka rubuta shi ba, kuma marubuci ba zai san abin da ya rubuta ba sai ya ji shi a bakin wasu.

Ka samo 'yan wasa daidai da yawan taurari, da mutum ɗaya da zai karanta bayanin motsi da wuri. A jera kujeru, kowa da takardarsa a hannu. Ba a buƙatar sutura, ba a buƙatar fitila. Ka gayyato masu sauraro kamar biyar zuwa goma, kuma ka tabbata akwai waɗanda ba su san marubucin ba, domin abokai da 'yan uwa dariyar kara suke yi. Sharaɗi biyu ne a kan marubucin: ba zai karanta ko layi ɗaya ba, kuma ba zai yi bayanin komai kafin a fara ba. Zai so ya ce "wannan wurin ban gama ba" ko "abin da nake nufi shi ne", ka dakatar da shi cikin ladabi. Ranar da za a nuna wasan ba zai bi kowa kujerarsa yana yi masa bayani ba.

Ka zaunar da shi a baya, inda zai ga mutane, da biro da kwafinsa. Aikinsa shi ne ya sa alama duk inda wani abu ya faru a ɗakin. A shafi na 3 'yar wasa ta yi tuntuɓe a jimla, ta koma ta sake, ta sake yin tuntuɓe a wuri guda: jimlar ce ba ta zauna a baki ba. A shafi na 5 wani ya gyara zama, wata ta zaro waya, kujera ta yi ƙara: an fara rasa su. A shafi na 7 ɗakin ya yi shiru irin wanda ba na gajiya ba, mutum biyu sun miƙo wuya gaba: a nan zuciyar wasan take, kuma sau da yawa ba nan marubucin ya zata ba. Waɗannan alamomin sun fi duk wani sharhi da za ka yi masa, saboda da idonsa ya gani, ba zai yi musu da su ba.

Manyan wuraren renon marubuta a kan wannan suka dogara. Taron marubuta wasan kwaikwayo na cibiyar Eugene O'Neill da ke jihar Connecticut a Amurka, wanda aka fara a 1965, har yau 'yan wasa da takarda a hannu suke fitowa bayan 'yan kwanaki na gwaji, da kayan dandamali kaɗan, marubuci kuma yana ta sauya shafuka tsakanin nuni da nuni. A nan aka karɓi wasan marubucin nan Ba'amurke August Wilson a 1982, bayan an mayar masa da waɗanda ya aiko a baya, lokacin da Lloyd Richards ke shugabantar taron. Wilson ya zo ya ci Pulitzer, babbar kyautar rubutu ta Amurka, sau biyu, a 1987 da 1990. A ɓangaren fim, cibiyar Sundance da ɗan wasan fim Robert Redford ya kafa a 1981 ita ma haɗa sababbin marubuta take yi da ƙwararru su zauna a kan rubutu tun kafin a kunna kamara.

Mataki na biyar: tsara yadda za a yi masa magana

Bayan karatu ne ake kashe marubuta da yawa. An buɗe fili, kowa ya fara faɗin yadda shi zai rubuta labarin da nasa ne. Kada ka bari a kai nan. Akwai tsari mai hawa huɗu da Liz Lerman, wata mai tsara raye-raye Ba'amurkiya, ta fito da shi a 1990, kuma yana aiki sosai a kan rubutu. Da farko masu sauraro su faɗi abin da ya tsaya musu a rai. Sai marubuci ya yi nasa tambayoyin, a amsa abin da ya tambaya kawai. Na uku, masu sauraro su yi tambayar da ba ta ɗauke da hukunci. "Me ya sa ƙarshen ya yi tsawo haka?" hukunci ne aka sa masa rigar tambaya. "Me kake son mu riƙe daga fitowar ƙarshe?" tambaya ce ta gaskiya. Daga ƙarshe sai ra'ayi, amma da neman izini: "Ina da ra'ayi a kan halin uwar, kana son ji?" Yana da damar cewa a'a.

Wasu na ganin wannan lallashi ne. Ni ban gan shi haka ba, domin mutumin da ke kare kansa ba ya jin komai, wanda aka tambaya kuwa dole ya yi tunani. Masu sauraro sun iya nuna inda suka gaji, amma maganin da suke kawowa galibi na wani labarin ne daban.

Mataki na shida: sake rubutu

Ka ba shi kwana biyu ko uku ya huce, sannan ku zauna ku biyu. Ku ɗauki matsala ɗaya ko biyu, ba goma ba. Wadda ta fi yawa a wurin sababbi ita ce taurari suna gaya wa juna abin da dukansu suka sani, don kawai mai kallo ya ji. Misali, ƙanwa ta zo wurin yayanta kan gidan da mahaifinsu ya bari:

"Yaya, ka san shekara uku ke nan da rasuwar Baba, kuma ka san ina cikin bashi, amma ka ƙi sa hannu a sayar da gidan saboda ba ka taɓa ƙaunata ba."

Babu ƙanwar da ke magana haka. Ka tambayi marubucin: me take so kafin ta fita ɗakin nan, kuma me take jin nauyin faɗa? Abin da zai iya dawowa da shi ya fi kama da wannan. Ta ajiye takarda a kan tebur, ta ɗora biro a kai.

"Yaya, mutumin ya ce Litinin zai dawo."

"Kin ga fankar nan? Tun jiya take wannan ƙarar."

"Wuri ɗaya ne kawai. Ga shi na sa maka alama."

"Baba ne ya ɗaura ta da hannunsa."

Ba a ambaci bashi ba, ba a ambaci ƙauna ba, amma mai kallo ya gane duka, kuma yana kallon biron nan yana jira.

Sai batun abin da za a ɓoye wa mai kallo. Sababbin marubuta na son ɓoye komai don su ba da mamaki a ƙarshe. Daraktan fim Alfred Hitchcock, a hirar da darakta Bafaranshe François Truffaut ya yi da shi a 1962, ya kawo misalin mutum biyu suna hira, bam na ƙarƙashin teburinsu. Idan ya tashi ba wanda ya san da shi, mai kallo ya sami razana ta daƙiƙa 15. Idan kuwa an nuna masa bam ɗin da lokacin tashinsa, zai yi minti 15 zuciyarsa na dukan uku-uku a kan hirar da ba komai a cikinta. Ka tambayi marubucinka abin da mai kallo ya sani wanda tauraro bai sani ba. Haka kuma shawarar da aka san marubucin Rasha Anton Chekhov da ita, cewa bindigar da aka rataye a bango a farkon wasa dole a harba ta daga baya, tana taimakawa wajen yanka: duk abin da aka ja hankali a kansa kuma bai yi aiki ba, a cire shi.

Za ka ga gyaran tun kafin shi ya gani, bakinka zai yi ta ƙaiƙayi. Ka yi haƙuri ka sake tambaya. Idan ka faɗa masa, wasan nan kaɗai ka gyara, kuma gobe zai dawo da wani yana jiran ka sake faɗa.

Mataki na bakwai: a kai gaban jama'a

Kada renon ya zama karatu bayan karatu har abada. Bayan gyara biyu ko uku, a sa rana a nuna wasan, ko a ɗauki gajeren fim ɗin ko da waya ce. Gidan wasan Royal Court na Landan, tun da George Devine ya fara tafiyar da shi a 1956 don sababbin rubuce-rubuce, an san shi da aƙidar cewa marubuci na da 'yancin ya gwada ko da zai gaza. Ka shirya wa hakan: ƙaramin ɗaki, kashe kuɗi kaɗan, yadda idan abin bai yi armashi ba babu wanda zai shiga uku.

Kafin ranar, a rubuta yarjejeniya ko ta shafi ɗaya ce, cewa rubutun nasa ne, sunansa zai fito a sanarwa, kuma ba za a sauya kalamansa ba sai da saninsa. A fim wannan ya fi wuya, domin labari kan sauya a wurin ɗauka da wurin tacewa, wato inda ake yanka hotunan a haɗa su, don haka ka kai shi ɗakin tacewa ya ga abin da aka zubar da dalilin zubar da shi.

Ka kuma riƙa ba shi rubutun wasu ya karanta ya rubuto ra'ayinsa a shafi guda. Wole Soyinka ya yi irin wannan aikin na karanta wasannin da ake aikowa Royal Court a ƙarshen shekarun 1950, tun kafin ya ci kyautar Nobel a 1986. Aibin da mutum ba ya gani a nasa yakan gan shi sarai a na wani. Washegarin nuni, ko an tafa ko ba a tafa ba, ka kira shi ku sa ranar da zai kawo shafi 10 na gaba.