Babi na Bakwai: Shirin Dattijo Kafin Ya Tada Mota

Iyayena maza da mata, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan babi naku ne, ku da kuka haura shekara 60 kuma har yanzu kuke tuƙa kanku zuwa kasuwa, gona ko ɗaurin aure a wani gari. Kun riga mu riƙe sitiyari, ba tuƙi zan koya muku ba. Sai dai ƙarfin da ke tare mota in taya ta fashe ba ya nan kamar da, shi ya sa shiri a gida ya zama dole.

Darasi na 1: Karanta shekarar taya

Taya tana tsufa ko da zanenta bai cinye ba. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana gargaɗin a daina aiki da taya in ta cika shekara 4 da ƙerawa.

Ku durƙusa gefen tayar, ku goge ƙurar da jiƙaƙƙen tsumma. Ku nemi haruffa uku: DOT. Ku bi layin da yatsa har ƙarshensa. Za ku ga lambobi huɗu, galibi a cikin ɗan zagaye. In babu a wannan gefen, suna ta ciki, mai faci zai duba muku.

Misali: 2319.

Ku raba su biyu: 23 da 19. Biyun farko sati ne. Biyun ƙarshe shekara ce. Wato an yi tayar a sati na 23 na shekarar 2019.

A nan ake tuntuɓe. A aji, da yawa kan ga 23 su ce, "Malam, ai ta 2023 ce, sabuwa ce." A'a, Baba. 23 sati ne. Ku rufe biyun farko da babban yatsa. Abin da ya rage, 19, shi ne shekara. Ku ƙara 4, ya zama 2023. A 2023 ɗin ne wa'adinta ya ƙare.

Mu sake. 0521. A rufe 05. Saura 21. Shekarar 2021. A ƙara 4, 2025. Madalla, Hajiya, haka ake yi.

Mu sake kuma. 4822. Yatsa a kan 48. Saura 22. Kada ku ji kunyar sa yatsa, ba wanda aka haifa da iyawa.

Amma gaskiya raina na ɓaci in na ji dattijo ya ce, "Mai shago ya ce mai kyau ce." Mai shago ba ya cikin motar ranar da tayar gwanjo za ta fashe tsakanin Zariya da Kano da zafin rana. Kun koyi lambobi a ajin nan, don me za ku bar wani ya karanta muku? Biyun ƙarshe, shekara. Ku duba duka tayoyin huɗu, har da safaya.

Darasi na 2: Ido da magani

Yanar ido tana shigowa a hankali. Alamarta ga direba ita ce fitilar motar da ke tahowa ta riƙa kashe masa ido da dare. Ku je a auna ku sau ɗaya a shekara. Akwai asibitin ido na ECWA a Kano, akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. Tabarau kuwa a fuska yake amfani, ba a aljihu ba.

Maganin mura irin su Piriton yana sa barci. Mai ciwon sukari ya ci abinci kafin ya kama hanya, ya riƙe dabino.

Darasi na 3: Lokaci

Ku fita bayan gari ya waye, ku isa kafin magariba. In hazon hunturu ya yi kauri, a jira. Bayan tuƙin awa 2, ku tsaya ku miƙe ƙafa.

Darasi na 4: Sauran kaya

Baƙin mai, ruwan lagireto, man birki, lasin. A ɗaura bel. Lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ce 122, ku rubuta ta a bangon wannan littafi.