Kurakuran da ke cin kujerar koci tun kafin a ba shi wa'adin wasa uku

Duk kakar wasa sai an sake kallon abu ɗaya. Matashin koci ya yi shekaru yana horar da yara a filayen Jos, ya samu lasisin horarwa na CAF, hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, wani kulob ya kira shi, ya tafi yana murna, bayan wata huɗu ya dawo yana cewa an zalunce shi. Wani lokacin an zalunce shi ɗin kuwa. Amma in ka bi zancen daki-daki, za ka tarar rashin nasarar da aka kafa hujja da ita ƙarshen abin ce kawai. Kujerar ta fara girgiza tun ranar da ya kama aiki, tun kafin kulob ya ba shi wa'adin wasa uku, wato ya gyara sakamako cikin wasa uku ko a kore shi.

A fara da cire wani tunani daga kai: wai cin wasa zai tsare maka aiki. Shuaibu Amodu ya kai Najeriya gasar cin kofin duniya ta 2002 da ta 2010, kuma duka biyun an sauke shi kafin a tafi. Stephen Keshi ya ɗauki kofin Afirka a 2013, a 2015 aka sallame shi. Claudio Ranieri ya ci Firimiyar Ingila da Leicester a 2016, watan Fabrairun 2017 aka nuna masa ƙofa. Kofi yana saya maka watanni ne. Abin da ke tsare ka biyu ne: takardar da ka sa wa hannu, da yadda yaranka ke kallonka.

Babban kuskure, wanda ya fi kowanne kayar da mutane, shi ne kama aiki da alkawarin baki. Shugaban kulob ya dafa kafaɗarka ya ce, "Koci, ka fara kawai, takarda na nan tafe," kai kuma don kunya da ɗoki ka rataya usur washegari. Ranar da aka ci ka wasa biyu a gida, wannan takardar ba za ta iso ba har abada. Wasu kuma sun karɓi takardar, amma wasiƙar ɗaukar aiki ce mai layi biyar, babu ranar ƙarewa, babu diyya. Wannan da babu duk ɗaya.

Kwantiragin kirki sai ya faɗi ranar farawa da ta ƙarewa, da albashi a rubuce da lamba, da ranar wata da za a riƙa biya. Ya faɗi kuɗin sa hannu, da alawus ɗin cin wasa a gida da a waje da na kunnen doki, da masauki. Ya faɗi abin da ake nema daga gare ka a kakar: tsira daga faɗawa ƙaramin rukuni ne, ko shiga sahun masu zuwa wasan Afirka? In ba a rubuta ba, to manufar za ta riƙa canzawa duk ranar Lahadi. Ya faɗi wa ke da magana ta ƙarshe wajen sayen ɗan wasa da fitar da sha ɗayan farko, da ko kai za ka zaɓi mataimakinka. Sai uwa uba: in aka kore ka ba da laifi ba, nawa za a biya ka, kuma cikin kwana nawa. Ni dai ba na ba kowa shawarar ya yarda da ƙasa da albashin wata uku, in ragowar kwantiragin gaba ɗaya ta gagara. A tabbatar da sunan kulob da hatiminsa aka yi yarjejeniyar, ba da sunan shugaban da ke kai yau ba. Yawancin kulob ɗin gasarmu na gwamnatocin jihohi ne, har da Plateau United, kuma sabon gwamna ko sabon kwamishina na iya rusa hukumar gudanarwa cikin dare. Wanda ya yi maka alkawari ya tafi, wanda ya zo yana da nasa kocin a aljihu.

Dubi Gernot Rohr. An kore shi daga Super Eagles a Disambar 2021 da sauran shekara guda a kwantiraginsa, ya kai ƙara FIFA, aka umurci NFF, hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya, ta biya shi kusan dala 380,000. Ba surutu ne ya karɓo masa kuɗin ba, takarda ce. Dokar FIFA ta masu horarwa, wadda ta fara aiki a 2021, ta ce in aka riƙe wa koci albashin wata biyu, ya rubuta gargaɗi ya ba da kwana 15, in ba a biya ba yana da hujjar ajiye aiki ya nemi diyya. Sai dai ta shafi wanda ke aiki a ƙasar da ba tasa ba ne. Kai da ke gida, kwamitin sasanci na NFF a Abuja za ka nufa, kuma can ma abin da za a fara tambayarka shi ne kwafinka. Akwai kuma wata dabara da ya kamata ka sani: ba za a kore ka ba, za a ce ka "koma gefe" mataimaki ya riƙe. Ana jira ne zuciya ta ɗebe ka ka rubuta murabus, diyya ta faɗi. Kada ka rubuta. Ka nemi umurnin a rubuce, ka amsa a rubuce cewa a shirye kake ka ci gaba da aiki, ka ajiye kwafi.

Kuskure na biyu, kuma nan ne abin ke ba ni haushi: tozarta ɗan wasa a bainar jama'a. An ci ka biyu da nema a filin wasa na Zaria Road da ke Jos, 'yan kallo na ihu, ɗan jarida ya miƙo maka waya, sai ka ce gola ne ya kashe ku. Haba Koci! Yaron da zai koma unguwa da wannan maganar a kansa, shi za ka sake sa wa a raga ranar Laraba? Sauran kuma sun ji, kowa ya san gobe shi ne. Daga ranar za ka ga ana gudu amma ba a kai ƙafa, kuma shugaban kulob zai fara jin labarin ɗakin canza kaya daga bakin wasu ba kai ba. A gaban makirufo laifin naka ne. Gyara kuwa sai washegari, bayan kowa ya huce, da bidiyon wasan a gaba, kai da shi.

Haka batun kyaftin. Haƙƙin koci ne ya canza shi, babu mai jayayya. Amma a Oktoban 2015, da Sunday Oliseh, kocin Super Eagles na lokacin, ya karɓe kambun daga Vincent Enyeama ya ba Ahmed Musa, ɗan Jos ɗin nan, rigimar ta fito fili har Enyeama, mai wasa sama da ɗari a rigar ƙasa, ya bar tawagar. Ko wa ke da gaskiya, an yi asarar gola, kuma Oliseh kansa ya ajiye aiki a Fabrairun 2016. Babban ɗan wasa in za ka ajiye shi a benci ko ka karɓe masa kambu, kira shi kwana ɗaya kafin, ku biyu kaɗai, ka gaya masa dalili da abin da zai yi ya dawo. Zai yi fushi, amma ba zai tara maka runduna ba.

Kuɗi kuwa, kada ka taɓa. Ba na ejan ɗan wasa ba, ba na uban yaro ba, ba kason alawus ɗin wanda ka sa a wasa ba. A 2018 NFF ta dakatar da Salisu Yusuf, ɗaya daga cikin masu horar da Super Eagles, shekara guda bayan an ɗauke shi a ɓoye yana karɓar dala 1,000, duk da ya ce kyauta ce ba ta shafi zaɓensa ba. A kulob ma ba sai an ɗauki bidiyo ba. Yaran suna kwana ɗaki ɗaya, cikin mako kowa ya san wa ya biya, kuma ba za ka sake iya cire wannan yaron ba ko da yana ɗingishi. Kishiyar wannan ita ce yi musu alkawarin abin da ba ya hannunka. In albashi ya makara, kada ka ce "mako mai zuwa" don a fita atisaye. Ɗauki kyaftin ku je wurin manaja tare, ya ji amsar da kunnensa.

Sauran kurakuran ƙanana ne, amma suna taruwa. A gari irin Jos tawaga ta haɗa Musulmi da Kirista da ƙabilu da yawa, don haka kada ka sa atisaye lokacin sallar Juma'a ko safiyar Lahadi in babu wasa, a watan azumi ka sassauta nauyi ko ka matsar da lokacin, kuma kada a ga kullum da 'yan yarenku kake cin abinci. Dokokin tara a rubuta su tun kafin kaka ta fara, kuɗin ya zauna hannun sakataren kulob, kuma tauraro ya biya kamar kowa. Kada ka kwaso yara takwas daga tsohon kulob ɗinka rana ɗaya, tawaga biyu za ka samu. Kada ka yi cacar baki da magoya baya a Facebook. Lasisinka kuma ka riƙa sabunta shi a kan lokaci.

In wa'adin wasa uku ya zo, abin da sabon koci kan yi shi ne ya canza mutum biyar ko shida lokaci guda, ya ƙara atisaye safe da yamma, ya kai yara fili ƙafafu sun yi nauyi. Canji biyu ya isa. Ka rage tsawon atisaye, ka ba ƙwallon kwana da bugun tazara minti ashirin kullum, domin nan ne ake samun ƙwallo mafi sauƙi cikin mako guda. Ka gaya wa yaran maganar wa'adin da bakinka kafin su gani a waya, sannan ka ɗauko kwantiraginka ka kai wa lauya ya duba sashen diyya tun kafin wasan farko.