Cire Tabo a Kayan Yara da Abin da Ke Cikin Gida

Tabon madara, jini ko kashin jariri ba ya shiri da ruwan zafi, dafa shi yake yi ya kama zare. A fara ɗauraye shi da ruwan sanyi ta bayan yadin. Sai a kwaɓa bekin soda cokali 2 da ruwa cokali 1, a shafa, a bari minti 30, a wanke da sabulu.

Maiƙo kuwa, a barbaɗa masa garin sitaci ya tsotse, a kakkaɓe, a murza sabulun wanke-wanke.

Lemon tsami da gishiri na cire tsatsa in an shanya a rana, amma a farin kaya kawai, mai launi koɗewa yake yi. Kada a haɗa lemon da bilic, iskar da ke tashi guba ce. Kuma kada a yi guga sai tabon ya fita.