Darasi na Bakwai: Abin da Ke Kashe Ƙaramin Inji

Ƙananan motoci irin su Golf, Starlet, Corolla da Peugeot 206 sun cika titunanmu, daga Kano har Maraɗi. Yawancinsu 'yan Kwatano ne, sun sha aiki a Turai kafin su zo hannunmu. Injinsu na fetur ne, galibi mai silinda huɗu, daga lita 1 zuwa 1.8. Ba ya shan mai sosai, ga shi da ƙarko. Tun 1991 aka fara ƙera Golf 3, amma har gobe tana jigilar fasinja da buhunan masara. Irin wannan inji ba kasafai yake mutuwa don tsufa ba. Zafi ne da rashin baƙin mai suke gamawa da shi.

Mu fara da zafi, domin shi ya fi yin ɓarna a ƙasarmu, musamman da bazara. Idan inji yana aiki, ruwa ne ke zagaya cikinsa yana kwashe zafi, ya kai lagireto, iska da fanka su sanyaya shi, ya sake komawa. Ruwan yakan tsaya wajen digiri 90. Idan lagireto ya huje, ko tiyo ya tsage, ko fanka ta daina juyawa, sai allurar zafi ta fara hawa. Kan injin, wanda makanikai ke kira tof, da alminiyom ake yin sa a yawancin waɗannan motoci. Zafi ya yi yawa, sai ya lanƙwashe, gaskit, wato shimfiɗar da ke tsakanin tof da jikin inji, ya ƙone, ruwa da mai su gauraya.

Na ga wannan da idona a hanyar Zariya, kusa da Kwanar Ɗangora. Allura ta kai ja, direbanmu ya ce bari mu lallaɓa mu ƙarasa gari. Ba mu yi nisa ba tururi ya turnuƙe gilashi. Da injin ya huce aka buɗe murfin baƙin mai, sai ga shi ya koma kamar shayi da madara. Tiyo ne ɗan ƙarami ya tsage, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Amma ranar sai da aka sauke tof, bawan Allah ya yi kwanaki bai fita aiki ba. Har yanzu ina jin tausayinsa.

Don haka, da ka ga allura ta wuce inda ta saba tsayawa, gangara gefe ka kashe mota. Kada ka buɗe murfin lagireto da zafinsa, ruwan zai yi tsartuwa ya ƙona maka fuska da hannu. Jira ya huce, sannan ka buɗe a hankali da tsumma. Kada kuma ka kwarara ruwan sanyi cikin inji mai zafi, ƙarfe na iya tsagewa. Ruwan rijiya yana barin tsatsa da dattin da ke toshe lagireto. Ruwan nan mai launi da ake sayarwa a galan shi ya fi. Wasu makanikai kuma sukan cire tamostat, wato abin da ke tare ruwa daga zuwa lagireto har sai inji ya ɗumama, su ce na ƙasar sanyi ne. Ni ban goyi bayan haka ba. Idan ya lalace a sa sabo, domin in babu shi inji yakan daɗe bai ɗumama ba, ya ƙara shan fetur.

Sai baƙin mai. Ƙaramin inji lita uku zuwa huɗu kawai yake ɗauka, saboda haka raguwar lita ɗaya ba ƙaramin abu ba ne. Kowace safiya, kafin ka tayar da mota, zaro geji, wato tsinken auna baƙin mai, goge shi, mayar, sake zarowa. Man ya tsaya tsakanin alamomin nan biyu. A ƙasa mai ƙura irin tamu, juye bayan kilomita 5,000 ya dace, tare da sabuwar filta. Idan jar fitila mai siffar buta ta kama kana cikin tafiya, tsaya nan take, in ba haka ba inji ya buga.

Hayaƙin salansa ma yana ba da labari. Shuɗi, inji na ƙona baƙin mai, sau da yawa ringi, wato zoben fistin da ke cikin silinda, ne ya cinye. Baƙi, fetur ya yi wa iska yawa. Duba matatar iska, musamman da hunturu. Fari mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya ɗumama, ruwa ne ke shiga silinda.

Idan mota tana rawa ko tana shaƙewa, a fara da filogi, shi ya fi arha. Kada ka saba yawo da tanki a ƙarshe, domin a yawancin motocin nan famfon fetur a cikin tanki yake, fetur ne ke sanyaya shi. Taimin bel kuwa, wato bel ɗin da ke daidaita buɗewa da rufewar bawul, ƙofofin shigar iska da fitar hayaƙi, ba ya sallama kafin ya tsinke, kuma a injuna da yawa tsinkewarsa na lanƙwasa bawul. Wanda ya sayi 'yar Kwatano bai san yaushe aka canza shi ba, gara ya canza tun farko.

Aikin gida: gobe da safe ka buɗe bonet, ko na motarka ko na maƙwabci da izininsa. Nemo geji da murfin lagireto. Rubuta a littafinka inda mai ya tsaya da launinsa, da lambar kilomita da ke jikin agogon mota, ka zo da shi aji mu karanta tare.